Gwadabe Magini a Zauren Dukawa

A shekarun da gyaɗa ta yi albarka, kuɗi suka zauna a hannun attajiran Kano, abin da mutum yake fara yi idan Allah ya buɗa masa shi ne gyaran fuskar gidansa. A rushe tsohon zaure a ta da sabo, a ɗora masa soro, a fitar da zankwaye, sannan a aika a kira mai zane. In dai tsakanin Kabara da Goron Dutse ne, wanda ake kiran nan Gwadabe ne.

Mutumin Kabara ne, gini ya gada wajen mahaifinsa, amma tun yana saurayi magina suka lura ba a jera tubali rabonsa yake ba. Idan an gama gini an yi yaɓe, shi ake bar wa bangon tun da ɗanyensa. Sai ya hau tsani da ƙwaryar kwaɓaɓɓiyar ƙasa, ba igiyar awo ba komai, ya ja layi da ɗan yatsa daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya bi shi yana ɗora ƙasa yana murzawa. Kafin la'asar sai ka ga dagi ya fito, yana shiga cikin kansa yana fita, ba ka gane inda ya faro. Da masu gidaje suka fara son sabon abu, ya yi musu keke, ya yi agogo, har jirgin sama ya yi a gidan wani da ya je Makka ta sama. Ya ba arba'in baya, matarsa ɗaya, Luba, 'ya'yansu biyu mata duk suna ɗakin mazajensu. A kan tsani bakinsa ba ya shiru, duk wanda ya zo wucewa sai ya tsokane shi, amma in ya sauko sai ka yi da gaske kafin ka ji maganarsa.

A ƙarshen bazarar 1953 yana aiki a gidan wani mai sayen gyaɗa a Goron Dutse, ana sauri a gama kafin ruwa ya sauka sosai. An yi yayyafi da asuba, ƙasar gindin bangon ta jiƙa, babu wanda ya kula. Da hantsi yana can sama daf da indararo, ya miƙa hannu zai gyara wani wuri, ƙafar tsanin ɗaya ta nutse. Abin da ya iya tunawa kawai shi ne ƙwaryar ta riga shi isa ƙasa. A kan ƙyauren ƙofa aka ɗauko shi zuwa Kabara, cinyar dama ta karye wuri biyu, gwiwa ta goce.

Maɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Wata uku Gwadabe yana kwance da karan ɗori. Da aka kwance, aka tarar ƙashi ya kama, sai dai ƙafar ta gajarce, gwiwar kuma ta ƙi lanƙwasuwa. Maɗorin bai ɓoye masa ba. Ya ce tafiya zai yi da sanda in Allah ya so, amma shi da tsani sai dai kallo.

Gwadabe ya ce alhamdu lillahi kamar yadda ake faɗa, amma daga ranar ya ƙi fita ko zaure. 'Yan dubiya da suke cika gidan da farko suka yi ta raguwa, ba don mugunta ba, kowa da abin da ke gabansa. Da damina ta wuce aka koma gini, yana daga kwance yana jin magina suna wucewa ta bayan ɗakinsa da jakunansu, yana gane muryar kowa, sai ya juya fuska bango. Surukansa suna kawo hatsi, Luba kuma tana yin alkaki da dubulan ana zuwa saye har gida, don haka ba a kwana da yunwa ba. Amma duk lomar da ya kai baki sai ya ji kamar ta wani ce.

A wannan juya fuskar ne wata rana ya tsinci wata tsohuwar ƙusa a bakin gado. Ya fara kartar bangon da ita don kashe lokaci. Farar ƙasar da Luba ta shafa tana zubowa, jar ƙasar ciki tana bayyana. Ya yi ƙaramin dagi kamar tafin hannu, ya kewaye shi da wani, ya fitar masa da rassa. Kafin wata biyu, duk inda hannunsa yake kaiwa daga kwance ko daga zaune ya cika da zane, ƙanana ƙanana, wani a cikin wani. Kullum Luba ce mai share garin ƙasar da yake zubowa a kan tabarma.

Ita Luba a Dandalin Turawa ta tashi, unguwar Larabawa, a hannun wata mata mai suna Hajiya Mabruka wadda ta riƙe ta tun tana ƙarama har ta aurar da ita. Kakannin Hajiya Mabruka da ayarin raƙuma suka zo Kano, ita kuwa a nan aka haife ta, Hausarta ta Kanawa ce tsantsa. Tun rasuwar mijinta take riƙe da cinikin kayan fata. Tana da dukawa da suke yi mata tim-tim da jakunkuna, ɗanta Mahmud yana kai wa kantuna da filin jirgin sama, inda fasinjoji suke sauka su ɗan huta su sayi tsaraba.

Wata Alhamis bayan la'asar sai ga ta ta yi sallama, 'yar gajeruwar tsohuwa da sandarta da ƙunshin gurasa. Ta zauna ta yi masa sannu, ta tambayi ƙafa, sannan ta ce Luba ta ɗage asabarin ƙofa haske ya shigo. Ta daɗe tana kallon bangon, har Gwadabe ya fara jin kunya, kamar an kama babba yana wasan ƙasa.

“Duk wannan a kwance ka yi shi?” ta tambaya.

“Zaman banza ne, Hajiya.”

“To ni ban ga banza a nan ba.”

Ta gyara zama ta gaya masa abin da ke damunta. Ta ce tun tana yarinya tauraro ɗaya ake yi a kan tim-tim, shi ake yi har yau, in ka shiga kasuwar Kurmi rumfa ashirin kamar hannu ɗaya ne ya yi su. Dukawanta gwanaye ne wajen yanka da ɗinki, amma abin da suka tarar shi suke maimaitawa. Abin da take so, ya zana mata irin wannan na bango a kan fata, su kuma su yanka.

Gwadabe ya yi godiya cikin ladabi, ya ce shi magini ne ɗan magini, dukanci ba gadonsu ba ne, bai san kansa ba. Hajiya ba ta ja maganar ba. Da za ta tafi ta zaro wata jar fatar akuya a naɗe daga cikin mayafinta ta ajiye a gefen gado, ta ce ya bar ta nan, ba ci take ba, ba sha take ba.

Bayan ta fita ne ya tsare Luba, ita kuwa ba ta musa ba, ta ce ita ta je ta kira ta. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya ce ta kai shi gidan mutane ta tona masa asiri, yanzu ga shi ana nema masa abin yi don tausayi.

“Ban roƙa maka komai ba, Malam,” in ji Luba. “Cewa na yi ta zo ta ga bango. Kuma in tausayi ne, ai ka san Hajiya, kwano za ta aiko maka da shi, ba fata ba.”

Kwana biyu bai kula ta ba. Fatar kuwa ta kwana tara a ƙarƙashin gado, warin jima yana tasowa yana cika ɗakin. A rana ta goma ya jawo ta, ya ce bari ya ga ko ɓera ya taɓa ta. Ya shimfiɗa ta a cinya, ya shafa ta, santsinta kamar ɗanyen yaɓe da aka gama lailayewa. Bai san lokacin da ya ce Luba ta miƙo masa tawada da alƙalami ba.

Mijin babbar 'yarsa ya ba shi jaki. Ranar da ya fara fita, shi da Luba sun sha fama kafin ya hau, ƙafar da ba ta lanƙwasuwa tana miƙe a gefe kamar azara. Haka ya ratsa lunguna zuwa Sheshe, inda babban badukun Hajiya yake aiki a wani zaure tare da mutum uku. Sunansa Isyaku, dogo siriri, ya ɗan girme wa Gwadabe, yatsunsa sun yi baƙi ƙirin saboda rini. Ya karɓi fatar, ya kai ta bakin ƙofa, ya juya ta nan, ya juya ta can, ya dawo ya miƙa masa, ya ce wannan ba zai yanku ba.

Ya yi masa bayani ba tare da sassauta murya ba. Su in za su fitar da zane, fuskar fatar kawai suke tsagawa da bakin wuƙa, wannan jan na sama wanda bai kai kaurin farce ba, su ɓare shi, farin ciki ya bayyana. To in layi biyu suka matsi juna, ɗan jan da ke tsakaninsu ba shi da wurin kamawa, sai ya biyo wuƙa. Zanen Gwadabe kuwa duk matsatsi ne. Sannan ya yi masa sama da ƙasa kamar bango, alhali tim-tim a tsakiyar ɗaki ake jefa shi, ta duk inda mutum ya ɓullo masa nan ne gabansa.

Sauran dukawan sun sunkuyar da kai suna aiki, amma kunnensu yana nan. Gwadabe ya ji jini ya hau masa ka. Ya ce shekara ashirin da biyar yana zane a garin nan, ba a taɓa ce masa abin da ya zana ba zai yiwu ba.

“A bango in ka kuskure, shafewa kake ka sake,” in ji Isyaku. “Nan in wuƙa ta wuce, ta wuce.”

Gwadabe ya bar masa fatar a nan, ya dogara sandarsa ya fita. Hawan jakin ma sai da wani mai wucewa ya taimaka masa, abin da ya ƙara masa takaici. Ya isa gida ya gaya wa Luba maganar ta mutu, kada ta sake tayar masa da ita.

Kwana huɗu bayan haka, an idar da azahar, aka yi sallama a ƙofar gida. Isyaku ne, a ƙafa ya zo daga Sheshe, da naɗin fata a hammata. Suka zauna a zaure, ya warware ta a tsakaninsu. Ashe yanka ta ya yi, kamar yadda aka zana, bai canza ko layi ɗaya ba, kwana uku yana kanta. Ya bi da yatsa yana nuna masa duk inda jan ya tsinke, ga nan, ga nan, ga nan, wuraren sun fi a ƙirga, kamar fara ta ci ganye. Gwadabe ya ga gaskiya da idonsa. Sannan Isyaku ya juya fatar ya nuna masa wata kusurwa ɗaya inda layukan suka ɗan sami sarari. Nan zanen ya fita tsaf, fari a cikin ja, igiyar dagin tana hawa kan 'yar'uwarta tana shigewa ƙarƙashi, har mutum ya ji kamar ya sa yatsa ya ɗaga ta.

Isyaku ya daɗe yana kallon wurin, sannan ya ce shekara talatin yana riƙe da wuƙa, bai taɓa yanka abin da ya gama ya tsaya yana kallo ba sai wannan. Ya ce abin da ya taso shi ke nan. Ya laluba aljihu ya fito da wata 'yar wuƙa mai ƙotar icce da ta sha hannu, ya ajiye a gaban Gwadabe, ya ce in yana so ya zana wa wuƙa abu, sai ya fara sanin inda take iya juyawa da inda ba ta iyawa. Ya zo gobe da safe, akwai guntayen fata da yawa.

Haka Gwadabe ya koma ɗan koyo da furfura a gemunsa. Kullum da safe jaki ya kai shi Sheshe, a ba shi wuri kusa da ƙofa inda zai miƙe ƙafa, a tura masa kwandon guntaye. Hannun da ya saba jan layi kamu goma a tashi ɗaya, yanzu an ce ya tafi kamar tururuwa. Ya yanke babban yatsansa sau biyu. Ya huda fata ta ɓulle har bai san adadi ba. Warin jima ya hana shi cin abincin rana kusan mako guda, daga baya ya daina jin sa sam. Dukawan suka sa masa suna Magini. In ya ɓata wani abu sai su ce a miƙo wa Magini ƙasa ya toshe. Da farko abin yana sosa masa rai, har ranar da ya ji kansa yana rama musu, yana tsokanar wani mai barci a kan ɗinki, zauren ya kwashe da dariya. Da ya koma gida Luba ta ce yau ta ji muryarsa tun daga bakin lungu yana gaisawa da mutane.

Isyaku ba ya yabo. In abu ya yi, sai ya ajiye shi gefe ya miƙo wani. In bai yi ba, ya sa farce a wurin kawai. Amma sau da yawa Gwadabe yakan ɗago ya ga ya bar nasa aikin yana kallon yadda yake jan alƙalami.

Maganar sama da ƙasa ce ta fi ba shi wuya, har Mahmud ya zo wata rana da kaya a ƙunshe cikin takardar buhun siminti. Gwadabe ya roƙi takardar. Ya yanke ta da'ira daidai fuskar tim-tim, ya ninka ta biyu, ya sake, ya sake, ta zama takwas. Ya yi zanensa a kan ninki ɗaya kawai, ya bi layin da basilla yana hudawa har ƙasa. Da ya buɗe, sai ga zanen ya zagaye takardar, ta ko'ina ka tsaya kai yake kallo. Ya ɗora ta a kan fata, ya ƙulla toka a tsumma ya bubbuga, ya ɗage, ga layin nan ɗigo-ɗigo a kan ja. Dukawan suka taso suka kewaye shi. Isyaku ya ɗauki takardar ya ɗaga ta a haske, ya ce wato ke nan ko Magini yana gida da zazzaɓi, su huɗu za su iya yin zanensa. Daga ranar ya sa Mahmud ya riƙa tattaro musu buhunan siminti daga wuraren gini.

Wata bakwai da fara zuwansa aka gama tim-tim na farko da Isyaku ya yarda a kai wa Hajiya. Ta dube shi sama da ƙasa, ta aiko da cewa aikin ya yi kyau, amma Gwadabe ya cika shi da zane da yawa, ido bai sami inda zai huta ba, a rage. Gwadabe ya yi gunaguni kwana ɗaya, sannan ya cire kusan kashi ɗaya cikin uku, ya bar fili ja a tsakiya, ya ga lallai ta fi shi gaskiya. Mahmud ya ɗauki guda shida ya kai filin jirgi, kafin Juma'a ta zagayo ya dawo yana neman wasu. Ranar da Gwadabe ya fara shiga gida da cefane na guminsa, tsokar nama da ɗan kayan miya a ganye, ya miƙa wa Luba. Ita ma ta karɓa ta shige madafa, ta jima a can fiye da yadda ajiye nama yake bukata.

Ba a yi wata biyu ba wani ya zo ya gaya musu an ga zanen a Kurmi, rumfa uku, an kwaikwaya har da ɗan kuskuren da ke gefe. Gwadabe ya hau jaki ya tafi Dandalin Turawa a fusace, ya ce a yi wani abu, wannan ai sata ce da rana tsaka. Hajiya Mabruka ta yi dariya har da tari. Ta ce in da bai yi kyau ba wa zai ɗauka? Su suna da zanen jiya, ita tana da mai zanen. Ya koma ya yi wani, in sun ɗauka ya sake yin wani. A hanyar komawa yana ta juya maganar, har ya gane ashe aikin nasa ke nan, ba tim-tim ɗaya ba. Daga nan kusan kowane wata sai ya fitar da sabo. Ya yi na jakar mata, ya yi na gafakar littafi, ya yi na takalmi. Takardunsa suka cika wani tsohon adudu a kusurwar zauren.

Ba wai komai ya koma daidai ba ne. Duk damina ƙafar takan tashi da ciwo, wani lokaci ya kwana uku bai fita ba. Kuma akwai abin da fata ba ta iya ba shi. Daga saman tsani mutum yana ganin gari a shimfiɗe, rufin soraye, kan bishiyoyin dabino, shaho yana shawagi daidai kafaɗarsa. Wannan ya tafi ke nan, kuma yakan yi kewarsa. Amma in ya idar da salla ya ɗaga hannu, mutum uku ba sa fita daga bakinsa: matar da ta share garin ƙasa wata biyu ba ta ce ya daina ba, da tsohuwar da ta bar masa fata, da mutumin da ya ɓata kwana uku a kan aikin da ya san ba zai yi ba.

A shekarar 1958 aka sa bikin Ruƙayya, 'yar Mahmud, jikar Hajiya ta fari. A lokacin yanar ido ta kama Hajiya, sai dai ta bambanta haske da duhu, cinikin duk ya koma hannun Mahmud. Gwadabe ya ƙudura a ransa zai yi wa amarya tim-tim da hannunsa shi kaɗai, tun daga zane har yanka har ɗinki, abin da bai taɓa yi ba, don ɗinki ba fanninsa ba ne. Ya zaɓi fata da kansa a wajen majema. Mako biyar yana kansa, yana yi bayan an tashi daga aikin yini. Da ya gama ya miƙa wa Isyaku. Isyaku ya yaba yankan da kai kawai, ya kifa tim-tim ɗin, ya bi ɗinkin gindi da yatsa, ya tsaya a wani wuri da zaren ya yi sako-sako. Bai nemi izini ba, ya ɗauki wuƙa ya farke kamar taƙi guda, ya sake ɗinkewa, ya miƙo masa, ya ce haka nan in yara suka yi tsalle a kai sau biyu sai auduga ta fito.

Saura kwana uku a yi biki, Gwadabe ya kai tim-tim ɗin gidan Hajiya. Gidan ya cika da mata ana ta suyar alkaki, Luba ma tana ciki tun safe. Aka fito da Hajiya zaure na biyu aka zaunar da ita a kan darduma. Gwadabe ya gaishe ta, ya tura tim-tim ɗin gabanta, ya ce ɗan abin da ya samu ke nan na amarya.

Ta jawo shi jikinta. Ta fara bin zanen da yatsunta a hankali, daga tsakiya zuwa baki, tana bin igiyar dagin inda ta hau da inda ta shige, ba ta ɓata ba ko sau ɗaya. Ta ce wannan sabo ne, ba ta san shi ba. Ya ce sabo ne, kuma ba zai ba kowa takardarsa ba, na Ruƙayya ne ita kaɗai. Ta kifa shi ta bi ɗinkin, ta zagaya, ta tsaya, ta dawo baya.

“Wannan ɗinkin ba na zaurenmu ba ne. Kai ka yi?”

“Ni na yi, Hajiya.”

“Amma daga nan zuwa nan Isyaku ne.”

Gwadabe ya yi dariya, ya ce haka ne. Sannan ya gyara murya. Tun a hanya yake shirya abin da zai faɗa, yadda ta same shi a kwance ya juya wa duniya baya, da yadda yau yake ci da iyalinsa daga hannunsa. Ya fara ke nan, bai yi nisa ba. Hajiya ta ɗaga hannu, ta ce ya isa, ta ji, har wanda bai faɗa ba. Ta ce ita ciniki ta gani ta bi, kuma ta ci riba, kada ya mai da ita waliyyiya. Ta sa masa albarka, ta sa wa Luba, ta roƙa wa ƙafar sauƙi. Sannan ta ce a kira mata Ruƙayya ta zo ta ga kayanta ta yi godiya da bakinta, kuma a zubo wa Malam Gwadabe alkaki mai zafi, kashi biyu, ɗaya na Sheshe.

Ta Sheshe ya biya da ƙunshin. Isyaku yana zaune yana wasa wuƙa a kan dutse. Gwadabe ya ajiye masa alkakin, ya ba shi labarin yadda Hajiya ta kama su su biyu da yatsa. Isyaku ya ci gaba da wasa wuƙarsa, can ya tambaya ko ta ce wani abu a kan nasa ɗinkin. Gwadabe ya ce ba ta ce ba, ta dai gane shi. Isyaku ya gyaɗa kai, ya gwada kaifin a farcensa, ya buɗe ƙunshin ya kira sauran su matso. Suna ci ya ce wa Gwadabe Mahmud ya aiko, wani kanti yana son jakunkuna masu zane a fuska biyu, gobe ya zo da wuri su duba yadda za a yi da wurin maɗauri.